Rufewar Kawu da Foldar da Ta Ɓace

Bayan sallar isha'i, a wani shago da ke bakin titin da ya ratsa Tambuwal daga Sakkwato zuwa Jega, wani matashi ya buɗe sabuwar kwamfutar da ya sayo, ya jawo aikinsa daga intanet. Manhaja ce da ya shafe watanni yana rubuta wa wata makarantar Islamiyya. Tana riƙe sunayen ɗalibai da makinsu da hotunansu, ƙarshen zango ta fitar da sakamako. Manyan motoci na wucewa suna girgiza ƙyauren shagon, fitilar sola na ci, aiki ya sauko lafiya lau. Ya tayar da manhajar, ta buɗe. Ya gwada ɗora hoton ɗalibi guda, sai ta cije, ta ce ba ta ga wurin ajiyewa ba.

Da ya duba, foldar hotuna babu ita. Foldar da sakamako ke sauka babu ita. Haka ma wadda manhajar ke rubuta rahoton kurakuranta. A tsohuwar kwamfutar kuwa duka ukun suna nan zaune daram. Ba wanda ya goge su, ba cuta ce ta shiga na'urar ba. Abu guda ya haɗa su: ranar da ya ajiye aikin, babu komai a cikinsu, domin ya riga ya share hotuna da takardun gwaji.

Abin ya tsaya masa a rai, saboda a yadda ya koyi sana'ar, folda ba ta ɓacewa haka kawai. Ya fara taɓa kwamfuta ne a irin shagunan buga takardu da suka yaɗu a garuruwa bayan shigowar wayar salula a 2001, inda janareta ke ruri a waje, ɗaki na warin fetur da tawadar firinta, madannai sun yi baƙi don yatsu. A can in ana so a kai aiki wani wuri, a filash ake kwafe shi, ko a ƙona shi a faifan CD. Abin da ka ɗauka shi za ka sauke. Folda mai kaya da marar kaya duk tare suke tafiya, kamar yadda mai ƙaura ke ɗora tukwanen da babu komai a ciki a kan amalanke ɗaya da buhunan hatsi. Wanda ya karɓi aikin, da ya ga folda mai suna hotuna ba komai ciki, ya san me ake nufi ba sai an faɗa masa ba.

Yanzu kuwa aikinsa yana zaune ne a cikin Git, kundin da ke riƙe tarihin kowane sauyi da aka yi wa rubutun manhaja. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya ƙirƙiro Linux, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan an janye wa masu aikin Linux damar amfani da kundinsu na da, BitKeeper, kyauta. A watan Yulin shekarar ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. Damuwar Torvalds ita ce abin da ke cikin fayil. Git yana ɗaukar abin da fayil ya ƙunsa ya lissafa masa lamba mai harufa 40, ya haɗa fayiloli a ƙarƙashin reshe, ya haɗa rassa su zama hoton aikin gaba ɗaya a ranar da aka ajiye. Amma jerin da yake tara abubuwan da za a ajiye, fayiloli kaɗai ake rubutawa a ciki. A wurinsa folda hanya ce kawai ta isa ga fayil. In babu fayil a ƙarshen hanya, hanyar ma ba ta shiga lissafi. Ko foldar da ya daɗe da sani, ranar da aka cire fayil na ƙarshe a cikinta, sai ya kawar da ita.

Magabatansa ba haka suke ba. CVS, wanda Dick Grune ya fara a Amsterdam ya fitar a 1986, in folda ta shiga cikinsa fitar da ita aiki ne, har sai da aka tanadi wani umarni na daban mai share foldodin da suka zama fanko daga kwafin mai aiki. Subversion, da kamfanin CollabNet ya fara a 2000, ya ba folda matsayinta: tana da ranar haihuwa, tana da tarihi, ko da kaya ko babu. Git da takwaransa Mercurial, waɗanda suka fito shekara guda, su suka juya wa wannan baya. Zamani kuma ya bi Git. GitHub, gidan ajiyar ayyukan Git a intanet da aka kafa a 2008, ya daina karɓar masu shigowa ta ƙofar Subversion a watan Janairun 2024.

Kwana biyu bayan haka matashin ya hau babur ya nufi Kebbe gaida kawunsa. Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai a gonaki, yara na gasa tumu a bakin hanya, ƙamshinsa na bin iska. Ya tarar da dattijon a bayan gida, ya naɗe ƙafar wando, yana cuɗa laka da ciyawa. Rufewa yake gyarawa, ko ruhewa a bakin mutanen yankin, wato babban rumbun ƙasa mai tumbi kamar tulu, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu don kada laima da gara su same shi.

Da can rufewa biyar ce a gidan. Yana yaro ya san su ɗaya bayan ɗaya: ta gero, ta dawa, ta maiwa, ƙaramar ta iri wadda ba mai taɓawa, da ta kakarsa wadda take zuba wake da toka. Ya tuna yadda ake ɗaga jinka a saka shi ciki da tsani don ya miƙo dami, duhu da ɗumi su rufe shi, ƙaiƙayi ya bi masa wuya, muryarsa ta riƙa dawo masa daga bango. A tsakiyar marka rufewar gero takan yi ƙasa, wani lokaci ta ƙare ƙaf. Amma ko ta ƙare tana nan tsaye da sunanta. Kafin a fara girbi sai an shiga an share ta, an toshe ramukan ɓera, an yaɓe tsaga, an sabunta jinka. Kakansa yakan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Baƙo in ya shigo gida a lokacin, ya ƙirga rufewa, ya san nauyin iyalin da abin da suke sa rai daga gona, tun ba a yanke zangarniya ɗaya ba.

Yanzu saura ɗaya. Inda sauran suke, an gina ɗaki mai rufin kwano, a ciki an jibge buhuna a kan katako.

Bayan sun gaisa, ya tsuguna yana miƙa wa kawun curin laka, ya ba shi labarin foldodinsa. Dattijon bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma ya saurara har ƙarshe.

"Mi ka hana shi tuna wuri in babu kaya ciki?"

"Kawu, haka aka gina shi. Kaya yake ƙirgawa."

"To, ɗana, wanga abu naka buhu ne. Buhu in ya ƙare, ninke shi aka yi a tura bayan ƙyaure. Ruhewa ko ta ƙare tana nan inda ka bar ta."

Maganar ta zauna daidai. Har a harshen masu kwamfuta na ƙasar Hausa, wurin adana bayanai rumbu ake ce masa. Sai dai rumbun nan na zamani halin buhu gare shi.

Matsalar matashin ƙarama ce, domin aikinsa ne, yana da ikon gyara shi yadda ya so. Inda abin ya fi tsauri shi ne wurin waɗanda ke karɓar aikin wasu su adana. Tun 1979 masu Unix ke ɗaure fayiloli da wani abu mai suna tar, wanda asalinsa don ɗora bayanai a kan kaset aka yi shi. Abin da tar ya ɗaure, dami ne sak: fayiloli da foldodi a ƙulle wuri guda, kuma yana rubuta sunan folda ko babu komai a cikinta. Har gobe da irin wannan dami marubuta manhaja da yawa ke fitar da aikinsu. Debian, da Ian Murdock ya kafa a 1993, tana karɓar dubun-dubatar irin waɗannan damman daga hannun marubuta na ko'ina a duniya, ta ƙara musu umarnin gini, ta raba wa jama'a. Ubuntu, da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara a 2004, daga Debian take ɗebo mafi yawan nata. Ita ce kuma manhajar da ɗaliban kwamfuta da dama, daga jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato har jami'ar Aliero, ke fara gwada hannunsu a kai in sun so sanin Linux.

A 2018 Debian ta rufe tsohon gidan ajiyarta mai suna Alioth, wanda ke karɓar Subversion da wasunsa, ta koma Salsa, inda Git kaɗai ke aiki. Ke nan dami yana zuwa a ɗaure, a kwance shi, a zuba a Git. A wurin zubawar nan foldar da babu komai ciki ke zamewa ta faɗi. Wani lokaci ba abin da ke faruwa. Wani lokaci kuma umarnin gini yana neman foldar, ya rasa, ginin ya tsaya. Ko da ginin bai tsaya ba, abin da ke rumbu ya riga ya saɓa da abin da aka kawo.

Duk wanda ya taɓa karɓar ajiyar hatsi ya san nauyin wannan. Dami ashirin aka ba ka, dami ashirin za ka mayar, ba ragi, ba kuma ƙari. Shi ya sa mai shigar da damin wani ba ya sakin jiki ya jefa ɗan fayil a cikin foldar don ta tsira, domin ya sa hannu ke nan a kayan amana, lambar da Git zai lissafa ma ta canza. Masu wannan aiki sun bi hanyoyi daban-daban. Wasu sukan bar foldar ta faɗi, su rubuta a umarnin gini cewa a ƙirƙiro ta duk lokacin da za a fara aiki. Joey Hess ya rubuta pristine-tar, wanda ke ajiye ɗan ƙarin bayani a gefe, yadda za a iya sake ɗaure damin asali ya fito ba bambancin ko harafi. Masu fitowa daga Subversion kuwa, gadar da ke haɗa shi da Git tana da zaɓin da in an kunna, takan jefa ɗan fayil a kowace folda fanko don ta haye.

Masu kula da Ubuntu sun leƙa can cikin Git suka ga wata kafa. Ashe a ƙasan ginin akwai reshe marar ganye, har da lambarsa, wadda ta fara da 4b825dc, kuma iri ɗaya ce a kowace kwamfuta. Umarnonin yau da kullum ne ba su san yadda za su riƙe shi ba. Sai kayan aikinsu mai suna git-ubuntu ya riƙa rubuta foldar fanko a matsayin wannan reshe, don abin da ya shiga rumbu ya yi daidai da damin da aka kawo. Amma da zarar wani ya zo ya yi gyara ya ajiye ta hanyar da aka saba, reshen na iya karyewa ba tare da ya sani ba, don haka sai an sa ido a kai kullum.

Mai karatu na iya cewa wannan wahala ta yi yawa a kan wurin da babu komai. Abin da aka bayyana a ranar 29 ga Maris 2024 ya nuna dalilinta. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya gano an dasa ƙofar ɓarayi a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wani ɓangare na makircin yana cikin Git a ɓoye cikin fayilolin gwaji, amma rubutun da ke tayar da shi a cikin damin da aka fitar kaɗai yake. Mai son kama irin wannan sai ya iya aza dami kusa da rumbu ya ga sun yi daidai. In kullum akwai 'yan bambance-bambancen da aka saba kawar wa kai, kamar foldodin da suka faɗi a hanya, a cikinsu bambanci mai cutarwa zai samu wurin fakewa.

Ga mai aikin kansa kuwa, maganin da aka fi sani tsohuwar dabara ce da kowace yarinya a Kebbe ta iya. In layin famfo ya yi tsawo, takan ajiye jarka ta tafi wani aiki, jarkar ta riƙe mata wuri. Haka mai zuwa Juma'a da wuri yakan shimfiɗa darduma a sahu. Masu rubuta manhaja sukan jefa ɗan fayil marar komai a cikin foldar, su sa masa suna .gitkeep. Git bai san wannan suna ba, ba ya cikin dokokinsa, al'ada ce kawai da ta bi hannu. Shi dai ya ga fayil, sai ya riƙe hanyar zuwa gare shi. Masu gina shafuka da Rails suna kiran nasu .keep. Masu Laravel, wanda matasa da yawa a Najeriya ke gina shafukan makarantu da shaguna da shi, sukan sa fayil ɗin .gitignore a foldodin ajiya, mai cewa a yi watsi da duk abin da ke nan ban da shi kansa.

An yi asara a wannan sauyi, kuma matashin ya ji ta a jikinsa. Da, wuri da kansa yana magana. Folda fanko saƙo ce daga wanda ya tsara aiki zuwa ga wanda zai gaje shi, kamar yadda rufewar da aka yaɓe take shaida cewa mai gida na jiran kaka. Yanzu sai an yi wa na'ura dabara kafin ta yarda cewa wurin da aka tanada ma wani abu ne. Sabon shiga kuma ba ya sanin haka sai ranar da manhaja ta cije masa a gaban mai makaranta.

Sai dai bai manta da sauran labarin filash ba. Ya tuna folda mai suna na ƙarshe, da wata na ƙarshe na biyu, da wata na ƙarshe na gaske, har ya rasa wadda ya kai wa mai aiki. Ya tuna cutar nan da ke bin filash daga shago zuwa shago, ta ɓoye foldodi ta bar inuwarsu. Ya tuna ranar da wuta ta ɗauke yana tsakar ajiya, aikin mako biyu ya tafi. Filash na riƙe folda fanko, amma bai san wanda ya canza layi ba, bai san yaushe ba, bai san dalili ba. Git ya san duk wannan, kuma yana iya mayar da mutum jiya ko bara cikin ƙiftawar ido. Tarihin gaba ɗaya yana cikin kwamfutar mai aiki, ba sai da intanet ba. A watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, mai aiki da Git na iya ci gaba da ajiye sauye-sauyensa a gida, ya tura su duk ranar da ya samu layi. Subversion kuwa sai ya isa ga uwar garke kafin ya ajiye ko layi ɗaya.

Kawun ma bai ɓoye laifin rufewa ba. Ya nuna masa inda gara ta cinye gindin ta dawa har ta kife a wata damina. Ya ambaci gobarar hunturu da takan lashe abincin shekara cikin sa'a guda. Wake kuwa, duk da toka, ƙwari sukan huda shi kafin bazara, har sai da buhun nan mai ruɓi uku ya zo, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure bakinsa iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Ga kuma halin da ake ciki na rashin tsaro: buhu ana ɗora shi a mota a kai gari cikin dare ɗaya, rufewa kuwa inda aka gina ta nan take. Akwai kuma abin da ya fi damun dattijon. Ilimin rufewa a kan mutane yake. Wadda ake buɗewa farko, wadda ake bari sai shuka, inda ake ware dami ɗaya cikin goma na zakka, duk ba a rubuce suke ba. Da kakar matashin ta rasu, sai da aka yi gardama a kan ko waken rufewarta na iri ne ko na sayarwa.

Nan matashin ya ga abin da sabon tsarin ke nema a wurinsa. Tunda wuri ya daina magana da kansa, sai mai shi ya yi magana a madadinsa, kuma a rubuce. Tun ran gini ran zane, in ji magabata. In dole ne a jefa wani abu a folda don ta rayu, ba lalle ne ya zama fayil marar komai ba. Yana iya zama ɗan bayani da wanda zai gaji aikin zai karanta ya gane, abin da rufewar kakarsa ba ta samu ba.

Da la'asar suka gama yaɓe. Suka ɗaga sabuwar jinka su uku da wani maƙwabci, suka kifa ta a kai. Kawun ya ce wannan ɗayar ba zai bari ta rushe ba muddin yana da rai, domin geron da aka ajiye da zangarniyarsa ya fi daɗewa, furarsa ma ta fi ƙamshi. Wake da shinkafa kuwa buhu za su shiga, kuma bai ga laifin hakan ba.

Daren da ya koma Tambuwal, matashin ya buɗe tsohuwar kwamfutar. A kowace folda cikin ukun ya sa ɗan fayil, ya rubuta layi biyu da Hausa: abin da ke sauka a nan, da gargaɗin kada a ajiye hotunan yara a cikin tarihin aikin. Ya kuma ƙara wa manhajar umarnin ta duba foldodin duk lokacin da ta tashi, in babu ta ƙirƙiro su. Ya ajiye, ya tura, ya koma kan sabuwar kwamfutar ya jawo. Foldodin uku suka bayyana a jere. Ya ɗora hoton ɗalibin, ya shiga.

Mako guda bayan haka kawun ya kira shi a waya. Ana jin kukan jaki da hayaniyar yara a bayansa. Ya ce an fara ɗauko gero daga gonar gabas, dami shida sun riga sun shiga ruhewa.